Baƙaƙen Labarai Game da Farkon Sana'ar Silima

Da yawa daga cikin iyayenmu da kakanninmu suna iya tuna zamanin da motar majigi takan shigo gari da la'asar, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ko a filin makaranta, yara da manya su zazzauna a ƙasa suna jiran gari ya yi duhu. Waɗansu kuma sun kai ga shiga gidajen silima na birni, irin su Rex ta Kano wadda aka buɗe a 1937. Duk wanda ya taɓa yin wannan kallo ya san cewa hoto ba ya fitowa sosai sai an kashe fitilu. Ƙyallen ne kaɗai ke da haske, duk abin da ke kewaye da shi duhu ne.

To, a cikin littattafan hira na Turawa akwai wani reshe da ya juya wa ƙyallen baya, ya mai da hankalinsa ga duhun. Marubutansa sukan koma can farkon sana'ar shirya fim, tun zamanin da hotuna ke motsi ba magana, su ɗauko wani kisan kai ko wata mutuwa mai rikitarwa, su gina ƙagaggen labarin bincike a kanta. Abin da nake so in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu shi ne yadda wannan irin rubutu ya samo asali, da dalilin da ya sa farkon sana'ar silima ya dace da shi, da kuma hattarar da ta kamata mai karatu ya yi, domin yawancin mutanen da ke cikin labaran nan ba ƙago su aka yi ba. Sun rayu, suna da sunaye, suna da zuriya.

ME AKE NUFI DA BAƘIN LABARI?

Sunan da aka san irin wannan rubutu da shi a duniya shi ne noir, kalmar Faransanci ce mai ma'anar baƙi. A 1945 wani kamfanin ɗab'i na birnin Faris mai suna Gallimard ya fara fitar da jerin littattafan aikata laifi masu baƙin bango, yawancinsu an fassaro su ne daga Ingilishi. A 1946 kuma wani mai sharhin finafinai, Nino Frank, ya yi amfani da kalmar wajen siffanta waɗansu finafinan Amurka da suka isa Faransa bayan yaƙin duniya na biyu. Daga nan sunan ya bi su.

Amma shi salon ya girmi sunansa. A 1920 aka kafa wata mujalla mai araha a Amurka, Black Mask, kuma a cikinta ne Dashiell Hammett ya yi suna, shi ne wanda ya wallafa The Maltese Falcon a 1930. Bayansa Raymond Chandler ya biyo da The Big Sleep a 1939. Waɗannan biyu su ake ɗauka iyayen gidan wannan salo.

Ga bambancinsa da labarin bincike na gargajiya. A cikin labaran Sherlock Holmes ko na Agatha Christie, kisan kai kamar wasa ƙwaƙwalwa yake. Mai bincike yana da basira, yana tara alamu ɗaya bayan ɗaya, a ƙarshe ya tara jama'a a zaure ya nuna mai laifi, a kama shi, gari ya koma zaman lafiya. A baƙin labari kuwa garin ne kansa ba shi da lafiya. Ɗan sanda yana karɓar cin hanci, ɗan jarida yana sayar da alƙalaminsa, attajiri yana da lauyoyi. Shi mai binciken ma ba waliyyi ba ne, sau da yawa matalauci ne, gajiyayye, mai nasa tabon. Yana iya gano gaskiya, amma ya tarar ba kotun da za ta saurare shi. Tambayar da irin wannan labari ke yi ba ta tsaya ga wa ya yi kisan ba, ta haɗa da wa ya rufe maganar, kuma me ya samu.

Idan marubucin yau ya ɗauki wannan salo ya kai shi wani zamani da ya shuɗe, ya haɗa shi da mutanen tarihi, shi ne ake kira baƙin labari na tarihi.

YADDA GARIN SILIMA YA TASHI

Tun kafin sana'ar ta tsaya da ƙafarta aka fara samun abin al'ajabi a cikinta. Wani Bafaranshe mai suna Louis Le Prince ya ɗauki hoto mai motsi a wani lambu a birnin Lidis na Ingila cikin Oktoba 1888, kuma yana cikin tsofaffin finafinan da suka rage a duniya. Ran 16 ga Satumba 1890 aka yi masa ganin ƙarshe a tashar jirgin ƙasa ta Dijon, zai tafi Faris. Daga ranar ba a sake jin ɗuriyarsa ba, ba shi ba kayansa. Bayan shekara biyar, ran 28 ga Disamba 1895, 'yan'uwa biyu da ake kira Lumière suka nuna fim ga masu biyan kuɗi a Faris, sana'a ta kankama ba tare da shi ba.

A Amurka, Thomas Edison ne ya riƙe takardun mallakar yawancin na'urorin ɗaukar fim. A Disamba 1908 shi da manyan kamfanoni suka haɗa wata ƙungiya, suka ce ba mai ɗauka ko nuna fim sai da lasisinsu, suka kuma riƙa sa 'yan leƙen asiri da lauyoyi suna bin ƙananan masu sana'a. Sai a 1915 kotu ta yanke hukunci cewa wannan haɗin ya saɓa wa doka. Kafin nan masu shirya fim da yawa sun bar Niyu Yok sun nausa yamma, tafiyar kusan mil 2,500, zuwa Kalifoniya, inda rana ke fitowa kusan kullum, fili ke da araha, ga duwatsu da teku da hamada duk a kusa. A 1911 aka buɗe ma'aikatar fim ta farko a wata unguwar lambunan lemo da ake kira Holiwud, a gefen Los Anjalis.

Garin ya cika ya batse cikin ɗan lokaci. A 1900 mutanen Los Anjalis ba su fi 100,000 da 'yan kai ba, amma a 1930 sun haura 1,200,000. 'Yan mata da samari suka riƙa sauka daga jirgin ƙasa da akwati ɗaya, kowa na fatan ya zama tauraro. Kusan kowa baƙo ne, ba wanda ya san asalin wani, kuma canja suna ba abin kunya ba ne, har ma kamfani ne kan zaɓa wa ɗan wasa sabon suna da sabon tarihi. Daɗin daɗawa, daga 1920 zuwa 1933 dokar Amurka ta hana sayar da giya, sai fataucinta ya koma hannun 'yan ta'adda, su kuwa suna buƙatar 'yan sandan da za su kau da kai. Ga kuɗi mai yawa a hannun yara matasa, ga baƙunta, ga ƙarya ta zama sana'a, ga hukuma mai sayuwa. Marubucin baƙin labari bai buƙatar ya ƙago gari, tarihi ya riga ya gina masa.

ABUBUWA UKU DA SUKA GIRGIZA HOLIWUD

Akwai al'amura uku na gaske waɗanda marubuta suke ta komawa gare su kamar rijiyar unguwa. Zan kawo su yadda suke a rubuce, kafin mu ga abin da masu ƙaga labari suka yi da su.

Na farko shi ne na Roscoe Arbuckle, wani ƙaton ɗan wasan barkwanci da ake wa laƙabi da Fatty saboda ƙibarsa. A lokacin yana cikin 'yan wasan da suka fi kowa albashi a duniya. Ran 5 ga Satumba 1921 ya yi wata liyafa a otal ɗin St. Francis a San Faransisko. Wata 'yar wasa, Virginia Rappe, ta kamu da matsanancin ciwon ciki a wurin, ta rasu ran 9 ga wata, likitoci suka ce mafitsararta ce ta fashe. Wata mata da suka zo tare, Maude Delmont, ta ce Arbuckle ne ya yi mata fin ƙarfi. Nan da nan jaridu suka ɗauka, musamman na attajirin nan William Randolph Hearst, suka yi ta buga labarin kullum har gidajen silima suka daina nuna finafinansa tun ba a shiga kotu ba. A Amurka mutum goma sha biyu ake zaɓowa daga cikin jama'a su saurari shari'a su yanke ko mutum ya yi laifi. Sau biyu waɗannan mutane suna kasa haɗa baki. A zama na uku, ran 12 ga Afrilu 1922, cikin 'yan mintoci suka wanke shi, har suka rubuta takarda suna cewa an zalunce shi. Ita kuwa matar da ta fara zarginsa, masu gabatar da ƙara ba su taɓa sa ta a gaban kotu ta ba da shaida ba. Amma magana zarar bunu ce. Bayan kwana shida aka hana nuna finafinansa, kuma ko da aka janye hanin a ƙarshen shekarar, jama'a sun riga sun juya masa baya. Ya koma ba da umarni a bayan kyamara da sunan aro, William Goodrich, ya rasu a 1933 yana da shekara 46, daidai lokacin da ya fara farfaɗowa.

Na biyu ya faru ne ana tsakiyar shari'ar Arbuckle. Da safiyar 2 ga Fabrairu 1922 yaron gidan wani babban darekta, William Desmond Taylor, ya tarar da maigidansa kwance matacce a falo a Los Anjalis. Kafin 'yan sanda su gama shiri, maƙwabta sun cika ɗakin, wani mutum ya ce shi likita ne, ya duba ya ce ciwon ciki ne ya kashe shi, ya tafi ba a sake ganinsa ba. Mutanen kamfanin da yake wa aiki kuma suka kwashe wasiƙu da takardu. Sai da aka juya gawar aka ga ramin harsashi a bayansa. Wata maƙwabciya ta ce da daddare ta ji ƙara, ta ga wani ya fito daga gidan da hula a kansa. Da aka shiga bincike sai aka gano sunan mamacin na gaskiya William Deane-Tanner ne, mutumin ƙasar Ailan, wanda ya gudu ya bar matarsa da 'yarsa a Niyu Yok a 1908. Zargi ya faɗa kan mutane da dama: Mabel Normand, shahararriyar 'yar wasa wadda ta ziyarce shi a daren, Mary Miles Minter, yarinya 'yar shekara 19 da aka sami wasiƙun soyayyarta a gidan, mahaifiyarta Charlotte Shelby, da wani tsohon yaronsa, Edward Sands, wanda ya taɓa yi masa sata ya ɓace. Ba wanda aka taɓa gurfanarwa. Fiye da shekara ɗari ke nan, ba a san wanda ya harbe shi ba.

Na uku shi ne na Thomas Ince, ɗaya daga cikin waɗanda suka tsara yadda ake tafiyar da ma'aikatar fim. A Nuwamba 1924 ya hau jirgin ruwan shaƙatawa na Hearst, mai suna Oneida, tare da baƙi irin su Charlie Chaplin da 'yar wasa Marion Davies, wadda kowa ya san tana tare da Hearst. Ince ya kamu da rashin lafiya, aka sauke shi, ya rasu a gidansa ran 19 ga wata. Takardar likita ta ce ciwon zuciya ne, kuma an san yana fama da gyambon ciki. Amma da yake an ƙone gawar, baƙin jirgin kuma suka riƙa ba da labarai masu karo da juna, sai raɗe-raɗi ya tashi cewa wai Hearst ne ya harbe shi bisa kuskure, yana nufin Chaplin saboda kishi. Mai gabatar da ƙara na San Diyego ya duba maganar bai sami laifi ba, matar Ince ma ta ƙaryata. Duk da haka jita-jitar ta fi takardar likita tsawon rai.

Irin waɗannan abubuwa sun tsorata masu kamfanoni ƙwarai, domin ƙungiyoyin addini da na mata sun fara kira a sa wa silima takunkumi. A 1922 suka kafa ƙungiyarsu, suka ɗauko Will Hays, wanda ke riƙe da ma'aikatar gidan waya ta Amurka, ya zama mai tsaron mutuncin sana'ar. Aka fara sa sharaɗin ɗa'a a takardar ɗaukar 'yan wasa. A 1930 aka rubuta dokokin abin da za a iya nunawa, aka tsananta su daga 1934. Manyan kamfanoni kuma suka ajiye mutane na musamman, irin su Eddie Mannix da Howard Strickling na MGM, waɗanda aikinsu ya haɗa da kashe wutar abin kunya kafin ta kai jarida. Wato an share ƙofar gida, an tura sharar bayan ɗaki.

YADDA MARUBUTA KE GINA LABARIN

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar da ke cikin tarihin nan, wato takardun da aka kwashe, da shaidun da suka yi shiru, da gawar da aka ƙone, ita ce ƙofar mai ƙaga labari. Yakan bi hanya ɗaya daga cikin uku.

Hanya ta farko ita ce ya ɗauki abin da ya faru da gaske, ya saka mai bincike a tsakiya. Misali mai kyau shi ne Devil's Garden na Ace Atkins, wanda ya fito a 2009. Dashiell Hammett ɗin nan da na ambata, kafin ya zama marubuci ya yi aiki da kamfanin bincike na Pinkerton, yana zaune a San Faransisko a 1921, yana fama da tarin fuka, kuma ya riƙa faɗi daga baya cewa ya yi aiki a kan shari'ar Arbuckle. Sai Atkins ya mai da shi jarumin littafinsa, ya sa shi yana bin shaidu otal-otal, yana gano yadda jarida da siyasa suka riga kotu yanke hukunci. Haka Jerry Stahl ya rubuta I, Fatty a 2004, ya sa Arbuckle yana ba da labarinsa da bakinsa. Gore Vidal ya saka kisan Taylor a cikin littafinsa Hollywood na 1990. Mutuwar Ince kuwa ta zama wasan kwaikwayo mai suna The Cat's Meow, wanda Peter Bogdanovich ya mai da shi fim a 2001, kuma a ciki an nuna jita-jitar kamar ita ce ta faru. Abin mamaki, jikar Hearst ɗin ma, Patricia Hearst, ta haɗa hannu da wata marubuciya sun fitar da Murder at San Simeon a 1996 a kan wannan magana.

Hanya ta biyu ita ce a ƙago laifin da masu laifin, amma a ajiye su a wuri na gaske. A cikin Keystone na Peter Lovesey, 1983, wani ɗan wasa Bature daga Ingila ya sami aiki a ma'aikatar Mack Sennett, cikin 'yan sandan barkwancin nan masu faɗuwa daga mota, sai ga mutuwa ta gaske ta shigo cikin wasa, ɗan sandan ƙarya ya koma yin binciken gaske. Ba kuma a Amurka kaɗai ake kafa irin labaran nan ba. Birnin Balin na Jamus ma babbar cibiyar fim ce a wancan zamani. Marubucin Jamus Volker Kutscher ya fitar da littafi a 2009, wanda aka fassara da sunan The Silent Death, ya kafa shi a Balin ta 1930. Ana cikin ɗaukar fim sai babbar fitila ta faɗo kan wata 'yar wasa ta kashe ta, wani sufeton 'yan sanda mai suna Gereon Rath ya shiga bincike. Abin da ya ba labarin ƙarfi shi ne lokacin da aka zaɓa. Tun da aka nuna The Jazz Singer a Oktoba 1927, fim mai magana ya fara ture na bebe, masu kiɗan gidajen silima suka rasa aiki, 'yan wasan da muryarsu ba ta dace ba suka faɗi, masu jari a tsohuwar hanya suka karye. Duk inda arziki ke sauya hannu da sauri haka, ba a rasa mai jin haushi.

Hanya ta uku ita ce neman fim ɗin da ya ɓace. A wancan zamani ana yin zaren fim da wani sinadari mai suna naitiret, mai saurin kama wuta, mai ruɓewa in ya daɗe. Kamfanoni kuma ba su ga amfanin ajiye fim maras magana ba bayan 1930. A 1937 gobara ta cinye rumbun kamfanin Fox a jihar Niyu Jazi. Wani rahoto da babban ɗakin karatu na majalisar Amurka ya fitar a 2013 ya nuna cewa daga cikin dogayen finafinan bebe kusan 11,000 da aka yi a ƙasar daga 1912 zuwa 1929, kashi 70 cikin 100 sun ɓace ɗungum. Saboda haka marubuci yana iya cewa shaidar kisa tana cikin wani gwangwanin fim da ba wanda ya san inda yake. Craig Russell ya bi wannan hanya a The Devil's Playground na 2023, inda wata mai rufa wa kamfani asiri take binciken mutuwar wata tauraruwa a 1927, wani masanin tarihi kuma yake neman fim ɗin a 1967.

Ko wace hanya aka bi, za ka tarar da abu guda a ƙasa. Sana'ar silima sana'ar kwaikwayo ce, kowa a cikinta ya iya kuka ba tare da baƙin ciki ba, gidajen da ake gani katako ne da fenti, ba komai a bayansu. Mai binciken da ya shiga irin wannan wuri ba zai iya dogara da karin maganar nan da ke cewa labarin zuciya a tambayi fuska ba, domin fuskar ita ce hajar da ake sayarwa.

INDA HATSARIN YAKE

Littattafan nan suna da amfani. Suna koya wa mai karatu tarihi ba tare da ya gaji ba, suna nuna masa yadda kuɗi ke iya sayen shiru, suna kuma tuna masa da ƙananan mutanen da tarihi ya manta, irin su yaron gida da mai ɗinkin kaya da yarinyar da ta zo neman aiki ba ta samu ba. Amma akwai inda gizo ke saƙa.

Ƙagaggen labari dole ya ƙare da amsa, tarihi kuwa ba dole ba ne. Marubucin da ya ɗauki kisan Taylor sai ya ɗora wa wani laifin kafin shafi na ƙarshe, wanda aka ɗora wa kuwa ya mutu, ba zai iya kare kansa ba. Ko littattafan da ba ƙagaggu ba ma ba su haɗa baki ba. A Cast of Killers na Sidney Kirkpatrick, 1986, ya nuna Charlotte Shelby da yatsa, shi kuwa Tinseltown na William Mann, 2014, ya kai zargin kan waɗansu 'yan damfara dabam. In masu binciken takardu sun saɓa haka, ina ga mai ƙagawa? Akwai kuma wani littafi, Hollywood Babylon na Kenneth Anger, wanda ya fara fitowa da Faransanci a 1959, ya tara jita-jita ya ba da su a matsayin gaskiya, masana tarihi suka yi shekaru suna warware ƙaryar da ke ciki, amma har yanzu ana maimaita ta. Ita ma Virginia Rappe ba ta tsira ba, domin masu son wanke Arbuckle sun yi ta ɓata mata suna bayan ba ta da bakin ramawa.

Saboda haka ina ba duk wanda littafi irin wannan ya faɗo hannunsa shawara uku. Da farko, ya duba bayanin da marubuci kan sa a ƙarshen littafi, domin masu gaskiya daga cikinsu sukan faɗi abin da suka samo a takardu da abin da suka ƙara. Na biyu, ya raba abu uku a ransa: abin da kotu ko likita suka rubuta, abin da jarida ta ce an ce, da abin da marubuci ya sa a bakin mutane. Duk hirar da aka yi a ɗaki daga mutum biyu sai Allah, ƙagowa ce, ko da ta yi daɗin ji. Na uku, kada ya ɗauki amsar littafi ya kai ta zaure a matsayin tarihi. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Ga iyayenmu kuma, ya kamata su sani cewa waɗansu daga cikin littattafan nan suna da zafafan wurare, sun fi dacewa da manyan ɗalibai, gara a duba kafin a miƙa wa ƙanana.

Darasin bai tsaya a Kalifoniya ba. Mutum goma sha biyu sun saurari shaidu sun wanke Arbuckle, amma miliyoyin da ba su ji shaida ko ɗaya ba sun riga sun yanke nasu hukuncin, kuma nasu ne ya ci. Yadda jaridun Hearst suka yi a 1921, haka wayar hannu ke yi a yau, har ta fi su sauri, a kan 'yan wasa, da malamai, da 'yan ajinmu. Wanda ya karanta baƙin labari da idon basira zai fito ya iya tambayar wa ya faɗa, ina ya gani, kuma me zai samu in an yarda. In mun koyi wannan kaɗai, kuɗin littafin bai faɗi banza ba.

Nan zan dakata. Allah ya sa mu zama masu tantancewa kafin mu yaɗa, amin.